Gefen Hagu na Falon Alhaji Isiyaku

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Yanzu na dawo daga Aliero, garin siminti har cikin gashin ido. Mun gama huda ramuka biyar a falon sabon gidan Alhaji Isiyaku mai albasa: uku a bangon gaba inda talabijin zai zauna, biyu a baya, hagu da dama. Sifikun cikin bango yake so, irin waɗanda ake binnewa a shafe, ba ka ganin komai sai raga, amma sauti ya zagaye ka ta ko'ina. Ya ce ba ya son akwatuna da wayoyi a ƙasa jikokinsa na tuntuɓe da su. Bangon bulo ne, don haka tun safe muke fama da cizal da guduma, ni da Hamidu magini.

Wannan littafin na awon bango ne, ban san me ya kai ni rubuta wannan a cikinsa ba. Kwana tara ke nan da murar da na yi ta tafi, sai dai ta bar mini ajiya a kunnen hagu. Kamar an cusa auduga an manta da ita. Hamidu ya ce sau uku ya kira ni in miƙo masa igiyar awo. Na ce ƙarar guduma ce. Ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Yau dai na tsira.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ba da Ɗalha aka san ni a Jega ba, Mai Kunne ake ce mini. Daga Firchin har bakin tasha, ka ce Ɗalha a tambaye ka wanne, ka ce Mai Kunne yaro ma ya nuna maka shagona. Shekara goma sha shida ina wannan aiki ban taɓa riƙe na'urar awon sauti ba. Yaran Birnin Kebbi su ne ke shiga falon mutum suna ɗaga waya sama kamar masu neman sabis, waya ta faɗa musu lamba su bi. Ni zama nake yi daidai inda maigida ke zama, in rufe ido, in saurara, in ƙara nan in rage can har sautin ya daidaita a tsakiyar kaina.

Kuma kafin in taɓa bango sai na ga yadda mutum ke zama a gidansa. Takardar cikin kwali ta ce a sa sifika daidai kunnen mai zama a kujera. To Alhaji Isiyaku ya sayi kujeru har guda bakwai, amma ban taɓa ganin ya hau ko ɗaya ba. A darduma yake zama ya jingina da matashi, baƙinsa ma haka. Sai na sauko da ramukan ƙasa da taƙi biyu. Wannan ba waya ce za ta faɗa maka ba.

Ina rubuta duk wannan ne don in tuna wa kaina ko ni wane ne, ina ji.

Laraba, 9 ga Afrilu, da safe

Yana nan yadda yake.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Mun ja wayoyi cikin bututu, Hamidu ya rufe hanyoyin da siminti. Motocin albasa sun cika bakin titin Aliero, warin har cikin abinci. A hanyar dawowa wani mai babur ya wuce ni ta hagu, sai ganin sa na yi kawai a gabana yana zagi. Wai ya yi ta hon tun daga nesa. Na rama zagin, amma a gefen titi na lallaɓa har na shigo Jega.

Matata Balkisu ta tambaye ni ko lafiya, na ce zafin rana ne. Ta zagayo ta ajiye mini ruwa ta koma kicin. Matar nan ba ta da yawan tambaya, kuma yau na gode wa Allah da haka.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Ranar daidaita sauti. Sifiku biyar sun shiga bango, akwatin bas yana kusurwa, amfilifaya mai ba su ƙarfi tana cikin kabad. Na zauna a dardumar Alhaji, na rufe ido, na sa Hamidu ya kunna.

Gefen dama ya fito tas. Na tsakiya lafiya lau. Na hagu kuwa, gaba da baya, kamar daga gidan maƙwabta ake kunna su. Na ce wa Hamidu kayan zamanin nan ba su da tabbas, biyu na hagun sun zo da rauni daga kamfani. Na ƙara musu. Na sake ƙarawa. Na yi ta ƙarawa har sai da na ji sautin ya zo tsakiyar kaina yadda na saba. Da na buɗe ido na ga Hamidu ya koma can bakin ƙofa ya tsaya.

Ya ce, "Mai Kunne, wanga gefe bai yi yawa ba?"

Na ce, "Hamidu, na taɓa gaya maka yadda ake kwaɓa siminti?"

Ya ce a'a. Na ce to. Ya ɗauki cebur ɗinsa ya fita.

Na san abin da na yi. Tun ina juya abin ƙarin na sani. Amma in na yarda sifikun lafiyarsu ƙalau, to sai in yarda da ɗayan abin, kuma ban shirya ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da yamma

Alhaji ya bi motocinsa kudu, sai bayan kwana goma. Bai samu zama ya saurara ba, ta waya ya ce in bar makulli wajen Hamidu, mai fenti zai shiga gobe. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Kwana goma! Kafin nan abin ya buɗe, in koma a hankali in gyara, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Na tsira.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

Na gwada jan iska da toshe hanci. Na gwada tsinken ashana. Na gwada hamma har muƙamuƙina ya gaji.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan isha'i

Na je Maiyama gaida Goggo Aminatu. Haka na ce wa Balkisu, kuma ba ƙarya ba ce, na gaishe ta. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni daga shekara shida, ba a ɓoye mata komai ko an so. Ko takalmi ban gama cirewa ba ta ce, "Ɗalhatu, mi yas sami kunnenka? Tun daga zaure kake juya min wuya awa zakara."

Na ce mura ce ta ɗan toshe shi.

"Yo shi na abin ɓoyo? Zamna nan. Albasa ɗai ta. A gasa ta cikin toka, a matse ruwan da ɗumi-ɗumi a ɗiga. Haka anka yi ma babanka, Allah shi jiƙan shi, da gari ya waye shina jin kukan sauro."

Ni da nake yi wa mutane dariya in sun ɗaure waya da leda maimakon salatif, ni ne na kwanta a tabarmar Goggo na miƙa kunnena. Ta gasa wata jar albasa ƙatuwa, ta matse a tsumma, ta ɗiga sau uku tana bismilla. Na ji ɗumi ya gangara ciki, da wani ɗan zafi. Ta ce zafin shi ne aikin. Ta ƙulla mini guda huɗu a leda, safe da yamma.

Asibiti sai ka buɗe baki ka faɗa wa baƙo abin da ke damunka, ya rubuta a kati da sunanka. Wajen Goggo ba sai na ce komai ba. Na dawo da sanyin zuciya, har waƙa nake yi a kan babur.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Ina jin kamar wani abu yana motsi a ciki. Wataƙila buɗewa zai yi. Na gasa ta biyu a bayan shago, a murhun mai shayi, na ce masa ciwon haƙori ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan masallaci

Zafi.

Asabar, 19 ga Afrilu, da yamma

Ba zan rubuta komai ba yau. Ban buɗe shago ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan azahar

An kama ni, kuma alhamdu lillahi da aka kama ni.

Da safe Balkisu ta cire rigar matashi za ta wanke. Ina zaune a tsakar gida na dafe gefen fuska, sai ga ta tsaye a kaina, ta dama, tana riƙe da ita. Akwai tabo rawaya a tsakiya, ga wari.

Ta ce, "Baban Ihsan, mi na na wanga?"

Na ce gumi ne.

"Gumi mai warin albasa? Albasa kas sa ma kunnenka?"

Ta ajiye rigar a kan turmi, ta zauna a ƙasa gabana, abin da ba ta saba yi ba. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, a hankali, "Kana tsammanin ban sani ba? Sati ukku ina zagayowa ta damanka in zan yi ma magana. Ihsan ma ta koya, ɗiyar shekara huɗu. Jira nike ka hwaɗi da bakinka, ashe kai Maiyama ka tahi."

Sati uku ina taƙama na ɓoye abu a gidan da kowa ya sani, har da mai shekara huɗu. Kunya ta kama ni, sannan wani abu ya sake a ƙirjina. Na faɗa mata duka, har da falon Alhaji. Na faɗa mata abin da nake tsoro, kalmar da ban rubuta a nan ba kuma ba zan rubuta ba. Ta ce gobe da asuba mota ta farko, kuma tare za mu je, don ba ta yarda in na fita ni kaɗai ba zan sake karkata wani wajen ba.

Sauran albasa biyun ta yanka su a miya. Na ci, ba laifi.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Birnin Kebbi. Layi tun bakwai, ba mu shiga ba sai kusan sha biyu. Likitan kunnen mace ce, gajera, mai tabarau, ba ta ɓata lokaci. Ta leƙa da wata 'yar fitila, ta ɗago, ta ce, "Malam, me ka zuba?"

Balkisu ta riga ni amsawa.

Likita ta ce ni ne na huɗu a wannan watan, kuma duk daga wajenmu muke, ƙasar albasa. Ta tambayi tsinke, na amsa. Ta tambayi sana'ata, na faɗa. Ta cire tabarau ta dube ni yadda ake duban wanda ya zuba yashi a injin kansa.

Ta wanke, ta tsotse abin da ke ciki da wani siririn bututu. Na riƙe ƙarfen gado har yatsuna suka yi fari. Ta ce murar ce ta fara tara ruwa a ciki, wanda da zai tafi da kansa. Sauran kuwa aikina ne da na Goggo. Akwai 'yar huda a dodon kunnen. Ta faɗi wasu abubuwa kuma, na ji wasu, wasu Balkisu ce ta riƙe. Abin da na riƙe ni shi ne: irin wannan hudar takan rufe da kanta. Takan rufe, ba ta ce za ta rufe ba. Ba ruwa, ba tsinke, ba guduma, ba ƙara mai ƙarfi. Ƙwayoyi na kwana bakwai. In dawo bayan sati uku.

A mota ina ta maimaita "takan rufe" a raina tun daga Birni har gadar Jega. Jiya ba ni da ko wannan.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Zafin ya sauka. Na yi barci, na ci tuwo malmala biyu. Jin dai bai dawo ba, amma tun da ba ya zugi na gode.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Alhaji ya dawo. Ya kira.

Ashe jiya da yamma ya tara abokansa 'yan kasuwar albasa don ya nuna musu falon. Aka zauna a darduma, aka sa wani fim mai tseren motoci. Wani dattijo daga Sabiyal yana zaune ta hagu, daidai ƙarƙashin sifikar baya. Da mota ta taso a fim ɗin sai ya miƙe da gudu ya bar takalmi, yana salati, ya ɗauka babbar mota ce ta faso bango. Sauran suka yi ta dariya. Alhaji bai yi ba.

"Mai Kunne, wane irin aiki na wanga kay yi min? Gehen hagu na ta ihu awa kasuwar shanu, na dama ko awa mara lahiya. Ka kunyata ni gaban mutane."

Na ce zan zo in duba.

"Anas ɗan ƙanena ya ce kayan na ba su da kyau. Ya ce a hwasa bango a hidda su, shi kira yaran Birni su sa wasu. Bangon da anka gama ma henti shekaranjiya! Iyali na tarewa sati mai zuwa."

Na roƙe shi kada a taɓa bangon sai na zo ranar Asabar. Ya ce Asabar ɗin, in ban zo ba guduma za ta yi magana.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da hantsi

Abubuwan da zan iya ce masa:

Wuta ce ta yi sama ta birkita amfilifaya.
Mai fenti ne ya taɓa.
Anas ɗin ne ya yi wasa da rimot.

Duka ukun za su shiga. Na biyun ma har na fara jin daɗinsa, don mai fentin nan dama ya ɗiga mini fenti a raga ɗaya. In na shiga shiru na mayar da lambar hagu daidai da ta dama, sautin zai yi kusa da daidai, ba wanda zai sani. Sai dai falon ba murabba'i ba ne, akwai ƙofa ta hagu da taga ta dama, kusa da daidai ba daidai ba ne. Ni zan sani, ko da ban ji ba.

Na karanta wa Balkisu ukun. Ta ce in ƙara ta huɗu, in ce aljanu ne. Sannan ta ce mai fentin nan shi ma yana da iyali da suna a gari.

Matar nan!

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan magariba

Doguwar rana. Bari in rubuta ta yadda ta zo.

Na bar babur na hau mota, auduga a kunne, hula na ja ta rufe. Na tarar da Alhaji a falo da Hamidu da Anas ɗin, wanda har ya jingina guduma a bakin ƙofa don in gani. Muka gaisa, gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

Na cire hula. Na nuna audugar. Na ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, kayanka lahiya lau suke. Mai henti bai taɓa komi ba, wuta ba ta yi komi ba. Ni na. Ran da nid daidaita su, wanga kunne ba shi ji, kuma na sani, na ƙi hwaɗi. Na yi ta ƙara ma hagu har sai da ni na ji."

Na ji kamar na tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

Alhaji ya dubi Hamidu. Hamidu ya ce, "Tun ran hudar bango na gane, Alhaji. Na ga mutum na da girmanshi, ban iya hwaɗa mashi."

Alhaji ya ce, "Subhanallahi. To mi yas same ka?"

Na faɗa masa, da mura, da tsinke, da Maiyama. Da na kai kan albasa sai ya gyara zama. Ya ce, "Tsaya. Albasar ina ta?" Na ce Goggo a Maiyama ta saya. Ya ce, "Shi ya sa! Da ta Aliero ta, da duka kunnuwan biyu sun tahi." Ya fashe da dariya har yana buga darduma, Hamidu ya bi, har Anas. Ni ma na yi, kunnen yana ɗan motsawa amma na yi. Sannan ya daina, ya ce Allah ya ba ni lafiya, kuma ya faɗe ta da gaske.

Ya tambaya to yanzu yaya za a yi, a kira yaran Birni da wayarsu? Na ce a'a. Na ce ya zauna inda yake zama kullum, ya jingina yadda ya saba, ya rufe ido. Hannu nawa, kunne nasa. Na mayar da komai ƙasa, na rage ƙara saboda umarnin likita, na fara da ta tsakiya. Ina kunna su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, daga ina kake ji, kusa ko nesa, ta fi 'yar'uwarta ko ba ta kai ba? Da farko yana cewa duk ɗaya ne. Na ce ya yi haƙuri ya ƙara saurarawa, kada ya yi sauri, ba ciniki ba ne. Can sai ya ɗaga yatsa, ido a rufe, ya ce, "Ta bayan nan ta hagu, rage ta kaɗan. Kaɗan ɗai. Yawwa. A'a, ka wuce, maido." Muka yi kusan awa ɗaya a haka. Wanda ke gane ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu daga taɓawa, ashe kunnensa ma ba na wasa ba ne.

Da muka gama aka sa fim ɗin nan mai tseren motoci. Mota ta taso daga baya ta hagu, ta wuce ta kansa, ta ɓace a gaba ta dama. Ni rabin tafiyarta kawai na ji. Amma na ga kan Alhaji ya bi ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, bakinsa a buɗe, na san ta zauna.

Anas ya ɗauki gudumarsa ya fita da ita ba tare da an ce masa ba.

A mota na yi barci tun kafin mu fita Aliero, sai da kwandasta ya taɓa ni a Jega.

Litinin, 28 ga Afrilu, da yamma

Goggo ta kira, labari ya kai Maiyama. Kuka take yi, wai ita ta kashe mini kunne. Na ce mata da ƙafata na je, kuma tsinken ba ita ta ba ni ba. Ta ce amma ga babana ya yi aiki. Na ce wataƙila kunnen mutanen da ya fi namu ƙwari. Ta ɗan yi dariya cikin kukan. Ta ce za ta aiko da zuma. Na ce ta sha ce ko? Ta ce in daina iskanci, ta sha ce.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Mai shayi ya kira ni Mai Kunne Ɗaya. Na ɗauka zai yi mini ciwo. Ya yi, amma bai kai yadda na zata ba. Na ce masa da ɗayan ma na fi shi jin masu cewa shayinsa ruwa ne.

Alhaji kuma yana ta yawo a kasuwar albasa yana cewa shi da kansa ya daidaita sautin falonsa. Ban musa ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da safe

Shiru har yanzu ta wannan gefen. Wani lokaci 'yar tsuwa kamar ta gyare. Ban sani ba ko alama ce mai kyau.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Wani malamin makaranta ya zo yana son a binne masa sifiku uku a falo. Na ce sai bayan likita ta sake ni, kuma in na zo shi zai zauna ya rufe ido. Ya ce ya ji labari, shi ya sa ma ya zo. Na daɗe ina kallon bayansa da ya tafi.

Tsoron yana nan, ba zan yi ƙarya ba. Yakan zo da safe in na farka na ji duniya ta gefe ɗaya. Amma yanzu tsoron kunnen ne kawai, ba na a gane ba, kuma wannan ya fi sauƙin ɗauka.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Birni kuma. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa. Ta ce hudar ta kusa rufewa, saura kaɗan. Aka sa mini abin saurare a kai, aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Ta dama na ɗaga har na gaji. Ta hagu na ɗaga sau huɗu, ko biyar, ɗaya ban tabbata ba ko ji na yi ko so na yi in ji. Ta ce yana dawowa, amma ba ta yi alkawarin zai kai yadda yake da ba. In dawo bayan wata ɗaya kuma.

Balkisu ta sayi rake a tasha. Muka sha a mota kamar yara.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Ina zaune a tabarma a tsakar gida ina kwance wata tsohuwar rediyo, Balkisu tana bakin murhu tana dama koko. Murhun ta haguna yake, taku uku ko huɗu. Ban ɗago ba, ina neman wata ƙaramar ƙusa da ta faɗi. Sai na ji murya, can ƙasa-ƙasa, kamar ta bayan labule. Ba da ni take ba, da tukunya take.

"Mutum sai taurin kai awa jakin kasuwa. Da ya mutu da albasa cikin kai. Allah na gode maka da ka bar min shi, ko da kunne guda na."

Na tsaya da abin da ke hannuna. Na toshe kunnen dama da yatsa don in tabbata. Ludayi yana buga tukunya, ƙwas, ƙwas, nesa amma yana nan.

Na ce, ba tare da na juya ba, "Jakin kasuwa ko?"

Ludayin ya tsaya. Sannan ta ce, da wata irin murya, "Tun yaushe kake ji?"

Na ce tun daga jakin.

Ta taso da gudu, ta zo za ta zagaya ta dama yadda ta saba, na riƙe bakin zanenta na ce ta tsaya nan inda take, ta sake faɗa. Ta durƙusa ta hagu tana dariya tana hawaye, ta sake zagina tun daga farko, kuma na ji kowace kalma. Kokon ya ƙone.